Ramuka biyu a bakin tafkin Dogo

Ko na manta komai na shekarun fari, ranar da na haƙa ramuka biyu a gaban masu gari biyu ba za ta fita daga kaina ba. Ni ba ɗan lakwal ba ne, ban yi boko ba. Aikina haƙar rijiya, tun ina saurayi har bayana ya gaji.

A shekarar nan rijiyoyin ƙauyenmu, can ƙasar Dogo, duk sun ƙafe. Sai aka fara turo motar ruwa daga Damagaram sau biyu a mako, a raba tsakaninmu da ƙauyen da ke gabas da mu. Su sun ninka mu yawan mutane, don haka aka yanke cewa su sami kashi biyu, mu ɗaya. Ba wanda ya yi gardama. Kowane ƙauye yana da kwamin siminti mai da'ira. Masu garin suka auna da igiya, suka ga faɗin nasu ya ninka namu. Shi ke nan, suka ce a riƙa zuba ruwa zurfi ɗaya a kowanne, ai nasu zai ninka da kansa. Komin da ke rakiyar motar, wato ma'aikacin gwamnati, yaro ne mai gilashi da muke ce wa mushe irin na Faransanci, ya rubuta hakan ya sa hannu.

Mako uku muna shan wuya. Ruwanmu ya ƙare kafin motar ta dawo, nasu kuwa har awaki suke shayarwa. Mata suka fara zargin juna da sata. Gidaje huɗu suka ɗaure kaya za su yi kudu, har da na yayana.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Na san rijiyar da ta ninka wata faɗi ba ninki biyu na ƙasa take fitarwa ba, a kafaɗata na koyi wannan. Ranar da mota ta zo na tsaya a gaban tiyo, na dubi komin na ce:

"Ranka ya daɗe, ana cutarmu. Kashi huɗu suke sha, mu ɗaya."

Maigarin gabas ya yi dariya. "Yau kuma mai haƙar rijiya ne zai koya wa mushe lissafi? Je ka nemo mana ruwa a ƙasa, shi ne aikinka."

Komin ya ce, "Malam, igiya ta nuna ninki biyu."

"Igiya faɗi ta auna, mushe. Ba ciki ta auna ba. Ka ba ni rabin awa."

Na sauka cikin busasshen tafki inda laka ta yi tauri. Na haƙa rami mai da'ira, faɗin taki ɗaya, zurfin taki ɗaya. Kusa da shi na haƙa wani, faɗin taki biyu, zurfi ɗaya da na farko. Na karɓi ƙwarya a hannun wata tsohuwa, na ce maigarin gabas ya auna ƙasar da hannunsa, kada a ce na yi coge. Ƙaramin ya ba da ƙwarya uku. Babban, yana aunawa mutane na ƙirgawa da ƙarfi, ya wuce shida ƙasa na nan tuli. A sha biyu ya tsaya, har da ɗan saura. Maigarin gabas bai ɗago kai ba.

Komin ya zaro biro ya tsuguna. Na ji yana faɗa wa kansa, rabin faɗi sau kansa, sau uku da ɗan ƙari, sau zurfi. Ya yi na kwaminmu, ya yi na nasu, sannan ya cire gilashi ya goge fuska.

"An koya mini wannan a aji, ban yi aiki da shi ba. Gaskiyarka, baba."

Ban kai baba ba a lokacin, amma na karɓa. Nan take ya gyara takarda: namu a cika metir ɗaya, nasu rabin metir. Yayana ya kwance kayansa da yammar nan, sauran gidajen ukun ma ba su tafi ba.

Abin da na koya shi ne, idan hannunka ya san wani abu, kada ka yi shiru don mai biro yana wurin. Kuma kada ka tsaya musu da baki. Ka nemo abin da za su ƙirga da idonsu.