Farantin da ke Tsakiyar Rufin Inna

Har yau in na ji wani a gidanmu ya ce "ai ƙaddara ce" a kan ɗakin Inna, sai in tashi in bar wurin. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma kwana biyu cur aka ba mu, kuma da kunnena na ji.

Inna kakata ce, mahaifiyar babana. Ɗakinta shi ne soron ƙasa na ƙarshe da ya rage a gidanmu na Madabo, sauran duk an rushe an yi bulo da kwano. Kakanmu ne ya sa aka gina mata shi tana amarya. Rufin ɗaurin guga ne, irin mai lanƙwasa kamar baka, kuma can ƙololuwa, inda bakunan rufin suka haɗu, ya sa magina suka dasa wani farantin tangaran mai shuɗin fure. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, farantin nan ya fi mini duk wasiƙun da samari ke rubutawa a cikinsu. Nakan kwanta a tabarma in ƙura masa ido, ina saƙa yadda kakanmu ya zaɓo shi a kasuwa, ya ɓoye shi cikin babbar riga, zuciyarsa na bugawa.

"Ƙawata, ke dai da shirme," in ji Inna. "Biyu fa ya sayo, ɗaya ya fashe a hanya. Haka ya shigo yana ta mita."

Amma ita ma in ta idar da azahar, can take kallo.

Kuma ba kyau kaɗai ɗakin yake da shi ba. In bazara ta kama, gidan duka ya zama tanda, shi kuwa sanyi kamar cikin randa. Inna tana da hawan jini, likita ya ce ta guji zafi. Wannan soron shi ne maganinta na biyu.

A shekarar da nake magana, Baffa, yayan babana kuma mai faɗa a ji a gidan, ya kira magini don a sabunta yaɓen rufin ɗakin. Aka kankare tsohon yaɓe, aka zare indararo biyun da ke zubar da ruwa, da niyyar a mayar da su in an gama. Ƙasar yaɓe kuwa dole a kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta tsima kwana bakwai. A tsakar gida aka saba yin kwaɓin, amma Baffa bai daɗe da shafe tsakar gidan da siminti ba, ya ce ba mai ɓata masa shi da taɓo. Don haka aka haura da ƙasar kan rufin Inna, aka tara ta can tuli guda, jiƙaƙƙiya.

Ranar Talata da hantsi ina taje wa Inna kai, rediyonta na kunne, wata mata ta karanto hasashen yanayi. Ta ce za a yi zafi mai tsanani kwana biyu, tsofaffi da marasa lafiya su zauna a inuwa su yawaita shan ruwa. Bayan nan ana sa ran hadari mai iska da tsawa da ruwa mai yawa, kowa ya gyara magudanar ruwansa. Na ajiye mataji na ja mayafi na nufi zaure.

Baffa na zaune da maginin da wani amininsa mai sayar da shadda. Na durƙusa na gaishe su, na faɗi abin da na ji.

"Wa ya ce?" in ji Baffa.

"A rediyo, Baffa. Masu hasashen yanayi."

"To, su suka hau sama suka gano?" Ya juya ga amininsa. "Alhaji, ka ji 'yarka. Yanzu har gaibu ake karantawa bayan labarun duniya."

"Ba gaibu suka ce ba, Baffa. Na'ura gare su, alama suke gani, kamar yadda ku ma kuke gani."

"Madalla. To ni ma ga tawa na'urar." Ya ɗaga yatsunsa yana lanƙwasawa ɗaya-ɗaya, yana ƙirga watannin manoma yadda ya koya wurin mahaifinsa tun muna da shanu. Ya tsaya a na shida. "Watan bakwai maƙarar rani. Mun shiga na bakwai? Ba mu shiga ba. Ko an yi ruwa, yayyafin kwantar da ƙura ne."

Mai shadda ya yi dariya. "Wannan ba ita ce mai littattafan nan ba? 'Yata, a can ne ake ruwa duk sanda saurayi ya yi fushi. Nan Kano sai lokaci ya yi."

Na juya ga Baffa. Na ce ko indararon ne a mayar, ko a shimfiɗa leda a kan rufin. Maginin ya gyara zama, ya ce a gaskiya mayar da indararo ba zai ci sa'a guda ba. Na ga alamar shi ma hankalinsa bai kwanta ba. Baffa ya ce aiki biyu ke nan, a sa yau a cire jibi, kuma leda za ta hana ƙasa shan iska. Sannan ya ce da ni, "Tashi ki je ki ba Inna ruwa, tunda rediyo ya ce a sha."

Wannan dariyar tasu ta raka ni har tsakar gida. Ba hasashen suka auna suka ƙi ba. Bakin da ya kawo shi suka raina. Da wani ɗan kasuwa ne mai babbar riga ya faɗa musu a masallaci, na rantse da tsani za su dawo gida.

Rabin farko na hasashen ya cika a gaban kowa. Laraba ko kaji ba sa fitowa daga ƙarƙashin rumfa, baki buɗe. Ruwan randa ya koma kamar na wanka. Matan gidan duk suka dawo ɗakin Inna da maficinsu, muka cika shi maƙil. Na sake aika wa Baffa ta bakin Ummata cewa tunda zafin ya zo yadda aka ce, ruwan ma yana tafe. Ya ce kowa ya san bazara da zafi, wannan ba ya bukatar rediyo.

Na yi tunanin hawa da kaina. Tsanin magini na jingine a bayan ɗakin, indararon na ajiye a gefensa. Amma budurwa a kan soro, tana hango tsakar gidan maƙwabta? Kafin magariba zancen ya kai unguwar Shahuci. Na tsaya na kalli tsanin na koma ciki. A littattafaina yarinya takan tsallake katanga saboda abin da take so. Ni kuwa kunya ta riƙe ni, kuma wannan haushin nawa ne, ba na Baffa ba.

Alhamis bayan la'asar iska ta tsaya cak. Gabas ta yi baƙi kamar ruwan baba a marinar Ƙofar Mata. Sai guguwa ta taso tana fizgar kwanukan mutane, aka yi wata tsawa da ta sa yara ihu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Baffa na kasuwa. Ina ɗakin Inna, na ga wani jan ruwa ya fara silalowa ta gefen farantin, yana bin bakan rufin. Ruwan sama ya rasa ta inda zai fita, ya taru a kan tulin ƙasar nan.

"Inna, tashi mu fita."

"Ina za ni cikin wannan ruwan? Kawo kwano ki tara, ƙawata. Ɗakin nan ya girmi ubanki."

Wani guntun ƙasa ya faɗo kan sallayarta. Ban ƙara roƙonta ba. Na ƙwala wa Umma kira, muka kama ta hagu da dama tana faɗa tana cewa a ɗauko mata carbi. Ko zama ba mu gama yi a ɗakin Umma ba muka ji azara ta yi ƙara, sannan wani rugugi mai nauyi wanda ba na tsawa ba.

Baffa ya dawo jiƙe sharkaf, ya tsaya kan ɓaraguzan ya yi salati. "Allah ya taƙaita," in ji shi, "tunda ba a rasa rai ba." Maƙwabta suka yi ta zuwa jaje, kowa na cewa wa ya taɓa ganin ruwa haka a wata na shida. Ba wanda ya ce an faɗa. Simintin tsakar gida kuwa taɓo ya rufe shi har ƙofar zaure.

Da bulo da kwano aka mayar da ɗakin, don Baffa ya ce zamanin ƙasa ya wuce. Yanzu shi ma yana da rediyo a zaure, har yakan aiko a kwashe shanya wai "sun ce da hadari." Bai taɓa dubana ya yi maganar ba. Inna kuwa duk bazara sai dai a jiƙa tawul a ɗora mata a ka, tana kwance tana kallon kwano, mu kuma muna karɓa-karɓa da mafici.

Farantin ni na tono shi washegarin ruwan, ya rabe gida uku. Na wanke shi na kai mata cikin mayafina, ina jira ta yi kuka, ko ta faɗi irin maganar da ake rufe littafi da ita. Ta juya guntayen a hannunta, ta shafa shuɗin furen da babban yatsa.

"To," ta ce, "ya bi ɗan'uwansa." Ta tura su ƙarƙashin matashinta. "Ƙawata, fifita ni. Zafi."