Sun zana wa namun daji keji

Jiya na zauna duba zanen 'yan ajina.

Gasar zane muka sa a firamaren da nake koyarwa a Gyaɗi-Gyaɗi. Muka ce kowane yaro ya zana dabbar dawa a gidanta, don su san bai kamata a lalata wa namun daji muhalli ba.

Kusan duk takardar da na ɗaga, keji ne. Ga zaki a bayan ƙarafa, ga kura a bayan ƙarafa, har jimina an yi mata ƙofa da kwaɗo.

Na kira Hafsa, wadda zanenta ya fi na kowa kyau.

"Hafsa, gidan zaki na ce, ba kurkuku ba."

"Malama, ai gidansa ke nan. Da salla Babanmu ya kai mu gidan zu, a ciki muka gan shi yana barci."

"A'a, asalin gidansa daji ne."

Sai ta ce, "To a ina dajin yake? In adaidaita na zuwa, ki kai mu mu gani, sai mu sake zanen."

Na buɗe baki zan ce ƙauyenmu, sai na kasa. Dajin da muke jiyo kukan kura daga cikinsa muna yara, tuni aka sare shi. A buhunan gawayi yake shigowa Kano, ana jibge shi a bakin titi a Tarauni.

Hafsa na ba ta ɗaya. Abin da ta gani ta zana, ba ta yi ƙarya ba.

Jama'a, a garinku da sauran dajin da zan kai yaran nan su gani? Ku faɗa mini, don mu namu ya ƙare.