Wayar da Ta Kawo wa Inna Makka

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina, amma yammacin da muka jawo wa Inna Makka har cikin ɗakinta a Ƙofar Kware, wannan kam sai dai in tafi kabari da shi.

Babanmu ya tafi aikin Hajji a shekarun da kuɗin mai ya fara yawo, lokacin da ɗan kasuwar hatsi irinsa ma ya samu hawa jirgi. Bai dawo ba. Abokan tafiyarsa suka ce zazzaɓi ne, an yi masa salla a Harami, an binne shi can. Masu gaisuwa suna ta ce wa Inna mijinta ya dace, ita kuwa sai ta ce "Awo," ta sunkuyar da kai. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, kuma Allah bai ba mu ikon kai ta ba.

Shekaru suka ja, soja na karɓar mulki daga hannun soja. Sai wani Alhaji ɗan kwangila a unguwarmu ya kafa satalayit, farantin ya fi rumfar mai shayi faɗi. Nan da nan labari ya bazu cewa a falonsa ana ganin sallar Harami kai tsaye. Inna, wadda ko goro ba ta taɓa roƙona ba, ta kira ni. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai wanga, da gaske ana ganin inda babanku yake?"

Lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, ƙafafu kuma sun ƙi, ko zaure ba ta iya kaiwa, balle falon da ke cike da maza. Na je na roƙi Alhajin. Mutumin kirki ne, ya ce in jawo waya daga risibarsa, akwatin da ke karɓo hoton, zuwa talabijin ɗinmu, sai dai abin da ya kunna shi za mu gani, amma ya yi alkawarin barin tashar Saudiyya kullum da yamma in azumi ya kama.

Na ɗauko mai haɗa irin wannan aiki. Ya ce mini gaskiya, wayar satalayit ba ta son nisa kuma ba ta son gami, wato a haɗa ta da wata, kowane gami sai ya ci hoto. Hanya mafi kusa ita ce ta kan katangar wani Malam da gidansa ke tsakaninmu da Alhajin. Malam kuwa ya ce atafau, ba namijin da zai hau katangarsa ya leƙa masa tsakar gida, kuma wayar shaiɗan ba za ta ratsa ta kansa ba. Ni da zuciya kamar fetur, na ce masa Ka'aba ce shaiɗan ɗin? Kai, da ba a riƙe ni ba, da an yi abin kunya a bakin masallaci.

Dole muka zagaya ta lungu. Waya ta ƙare, muka yi gami, ta sake ƙarewa, muka ƙara. Da aka kunna, ba komai sai ɗige-ɗige kamar an watsa shinkafa, ga shuuu mai cika kunne. Aka ce a aiko da waya mai kyau daga Kano, muka zauna jira. Ta iso, aka ɗaura, awaki suka ja ta a kwanar lungu. Azumi ya kama, ya yi nisa, kullum Inna sai ta tambaya, "Yau ya zo?" In ce saura kaɗan. Wallahi na tsani wannan amsa.

Wata rana Malam ya shigo duba ta, don duk da faɗanmu maƙwabcin kirki ne. Ta bayan labule ta ce masa, "Malam, ba kallo nika so ba. Mijina nika son in gaishe." Ya tashi ya fita. Washegari shi da kansa ya riƙe tsani don a ratsa wayar ta kan katangarsa, yana ɗaga murya, "Mata a shiga ɗaki, za a hau!"

Dab da shan ruwa aka gama, lokacin su a can sun riga sun shiga tarawihi. Na murɗa talabijin, sai ga Ka'aba tar, baƙa ƙirin, jama'a sahu-sahu kewaye da ita, muryar liman ta cika ɗakin. Na yi ihu, "Inna, ga ta nan!" Muka ɗago ta, muka matsar da ita gaba.

Sai na ga tana kallon gefen taga. Na juyo da fuskarta, ta miƙa hannu tana lalube har ta taɓa gilashin. Ashe idon ya riga ya tafi tun farkon azumi, ta ɓoye mini don ta ga yadda nake ta fama da waya. Na zauna a ƙasa ina kuka kamar yaro.

"Bar kuka," in ji ta. "Hwaɗa min, mi kaka gani?"

Na ce mutane ne, Inna, ba su ƙirguwa, fari da baƙi, har saman bene.

"Kullum haka suke?"

Na ce kullum, dare da rana.

Ta daɗe da tafinta a kan gilashin, tana sauraren jama'ar suna amsa amin. Sannan ta ce, "Alhamdulillahi. Duk shekarun nan na zaci shi kaɗai yake kwance a can."

Ba ta kai Sallar layya ba, Allah ya yi mata rasuwa. Na koyi cewa idan tsoho ya buɗe baki ya roƙi abu, ya daɗe yana haɗiye shi, kuma lokacin da ya rage masa bai kai yadda kake zato ba. Tun daga ranar, ban ƙara ce wa wani tsoho saura kaɗan ba.