Kwalaben Ali a Karofi

In ka tambayi tsofaffin Zango wa ya fi kowa ƙwaƙwalwa a unguwar, za su ce maka Idirisu ɗan Mamman marini. In kuwa Idirisun ka tambaya, shiru zai yi, irin shirun wanda ya yarda da maganar. Shekara ashirin da shida ke nan yana koyar da fizik da shimi, wato kimiyyar lissafi da ta sinadarai, a wata lise, babbar sakandare, ta cikin Damagaram, ɗalibai na kiransa Mushe, wato malam da Faransanci. Dogo ne siriri, bakin hannun rigarsa ba ya rabuwa da farin alli. Labon makarantar, wato wurin gwaje-gwajen kimiyya, ɗaki ne mai sikeli ɗaya, shi ma ya karye tun kafin a haifi ɗaliban yanzu, don haka da baki da alli yake koyar da komai. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya.

A karofi ya tashi, yana ɗauko wa mahaifinsa toka da ganyen baba na rini. Tun bai kai shiga makaranta ba ya addabi Mamman da tambaya ɗaya: me ya sa zane ke fitowa kore daga rijiyar rini, in ya sha iska ya koma shuɗi? Mamman ya ce haka Allah ya yi, ya matsa ya ba mutane wuri. Amsar ba ta ishe shi ba, ita ta kai shi ga boko, boko kuma ya zaunar da shi benci ɗaya da Ali, ɗan wasu Barebari na Birni, har shekara bakwai. Idirisu ne na ɗaya kullum. Ali na uku, wata shekarar ma na biyar, kuma sau nawa Idirisu ya zauna da shi a zauren gidansu yana maimaita masa darasi har a kira la'asar.

Da suka ci bak, jarrabawar gama sakandare, su biyun aka kira a ba su gurbin karatu a waje. A lokacin idon Mamman ya fara mutuwa. Tsohon bai hana ba, cewa ya yi ya tafi, Allah na nan. Idirisu ne da kansa ya duba uban, ya duba nisan hanyar, zuciyarsa ta karaya, ya zaɓi karatu a gida, a Yamai. Ya yi karatunsa ya dawo, ya riƙe uban har ya binne shi. Wannan abin yabo ne, ba mai musu. Amma da shekaru suka tura sai labarin ya sake kama a bakinsa, ya zama wai an yi masa ƙafar ungulu ne, wai dangin Ali na da mutane a Yamai. Ni dai da na san su duka biyun, ba wanda ya yi masa komai.

Ali ya tafi bai tsaya ba. Ya zama dokta, ya shiga wani ɗakin bincike a Turai inda ake sarrafa wasu ƙwayoyi da ake kira nanokiristal, ƙanana har dubunsu a jere ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. Abin mamakinsu shi ne launin hasken da suke fitarwa daga girmansu yake. Sinadari ɗaya ne, amma mafi ƙanƙanta su ba da shuɗi, na tsakiya kore ko rawaya, manyan cikinsu ja. Idirisu ya karanta duk takardar da Ali ya fitar wadda ya iya samu a waya, ya fahimce ta sarai, ya ajiye wayar yana tsaki. Da bai gane ba ma da sauƙi. Hassada ce ke cinsa, ba wani suna da za a laƙaba mata, kuma matarsa Lubabatu ta san da an ambaci Ali a gidan, ranar miya ba za ta yi gishiri ba.

Abu ɗaya ya rage masa da ba ya haɗa shi da kowa, wato Zakiyya, ƴarsa ta uku. Yarinyar ta ɗauko kansa kwabo da kwabo. Tun tana ƙarama take binsa da tambaya, me ya sa randa ke sanyaya ruwa, me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa, shi kuwa ya zana mata amsa a ƙasa da tsinke. In yana bayani takan zuba masa ido kamar babu wani mai sani a duniya bayansa. Wannan kallon shi ne albashinsa na gaskiya. A bana tana aji na ƙarshe, a ajinsa ma take, benci na biyu ta hannun dama.

Wata Lahadi da hantsi Hajiya Fanta, yayar Ali, ta yi sallama da ɗan akwati a hannu. Ta ce wani ne ya zo daga wajen Ali ya kawo, an ce a damƙa wa Idirisu hannu da hannu. A ciki akwai kwalabe shida, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba, an liƙe bakinsu, sai wata ƴar tocila mai haske ruwan malmo, da wasiƙa. Ali ya rubuta cewa kada a buɗe kwalaben, kada su sha rana ko zafi, kada ruwa ya taɓa abin da ke ciki, kuma guba ne, kada ya kai bakin kowa. A ƙarshe ya ce: ka nuna wa ɗalibanka, ka fi ni iya bayani tun muna yara.

Wani da ya ji daɗin wannan jimla. Idirisu karanta ta ya yi sau uku, kowane karatu tana ƙara yi masa kama da zolaya. Wato shi mai bayani, Ali mai aiki.

Bayan azahar, da gida ya yi shiru, ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa da taga, ya jera kwalaben a kan tebur ya kunna tocilar. Sai ga su sun kama, shuɗi, kore, rawaya, ruwan goro, ja, ja mai duhu, kamar an zuba garwashi a ruwa bai mutu ba. Ɗan marini ne, ya san launi, amma bai taɓa ganin launin da ke fitowa daga cikin abu kamar yana numfashi ba. Ya ji daɗi har hawaye ya taru masa, sannan a take daɗin ya juye ya zama ɗaci, don ya tuna hannun wa ya yi wannan. Ya kashe tocilar ya mayar da akwatin cikin kabad.

Zakiyya ta riga ta ji daga bakin Hajiya Fanta. Ta roƙe shi ya nuna mata, ya ce ta jira Alhamis, tare da ƴan ajinsu za ta gani, ba ya fifita kowa. Ta ce to. Amma daga ranar bakinta bai huta ba. Baba Ali ya ce kaza a wani bidiyo, Baba Ali ne ya gano kaza, ashe irin ƙwayoyin Baba Ali ne a cikin sababbin talabijin masu tsada. Ta karɓi lambarsa wajen Hajiya Fanta, ta aika masa gaisuwa, ya amsa. Ranar Talata da suna cin tuwo Idirisu ya ƙirga, sau bakwai ta ambaci sunan kafin ta wanke hannu. Ya ture kwanon ya tashi.

Laraba da yamma babu makaranta. Ya sa akwatin a aljihun babbar riga ya nufi karofin mahaifinsa. Rijiyoyin duk sun cike da yashi da leda, sai guda ɗaya da Ɗan'azumi ke riƙe da ita, tsohon abokin aikin Mamman, wanda hannuwansa suka rine har gwiwa tun zamanin da. Idirisu ya ce wa kansa nuna wa tsohon kawai zai yi. Suka shiga ƴar rumfar da ake ajiye baba, suka saki asabari, ya kunna.

Ɗan'azumi ya yi salati, ya daɗe yana kallo. Sannan ya gyara zama ya ce abin ya yi kyau, amma kowane rini kyakkyawa ne a cikin tukunya. Su a gidan Mamman ba a yabon launi sai an tsoma shi a farin ƙyalle, an ɗauraye, an shanya ya sha rana. Wanda ya tsaya shi ne rini, wanda ya gudu kwalliyar ƴan mata ce. Ya tambaya ko abin Ali zai iya wannan.

Idirisu ya san amsar. Malamin shimi ne, kuma wasiƙar na aljihunsa. Ya san ba don tufa aka yi ƙwayoyin nan ba, gwada su da gwajin karofi kamar a kai raƙumi gasar iyo ne. Da ya buɗe baki ya faɗi haka, da tsohon ya gane, don ba wawa ba ne. Amma yana so, sau ɗaya a rayuwarsa, ya ga abin Ali ya faɗi a gaban wani.

"A gwada mana, Baba," in ji shi.

Ɗan'azumi ya yayyago farin ƙyalle gida shida. Idirisu da kansa ya ɓalle murafan. Da tsohon ya kai yatsa zai ɗanɗana, kamar yadda marina ke yi wa rijiya, Idirisu ya cafke hannunsa da sauri ya ce guba ne. Kun ga ke nan bai manta ko layi ɗaya na wasiƙar ba. Suka tsiyaye kwalaben a kan ƙyallayen, aka ɗauraye a ruwan toka, aka shanya a kan yashi aka danne da duwatsu. Suka zauna suna hirar mutanen da. Da rana ta yi sanyi aka kwaso su cikin rumfa. Tocila ta haska, ba abin da ya amsa, sai ɗan dishi-dishi a gefen ɗaya daga cikinsu, shi ma sai an ƙura ido.

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce ai ya faɗa, ilimin Turawa ƙyalƙyali ne, da Mamman na raye da ya ga ɗansa ya kunyata dokta. Idirisu ma ya yi dariya, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya ji sanyi a ransa, sanyin da ya yi shekara ashirin da wani abu yana nema. Sanyin ya raka shi har bakin titi. Yana hawa kabu-kabu kwalaben wofi suka yi ƙara a aljihunsa, sai a lokacin ya tuna gobe Alhamis.

Da safe ya tarar da ajin ya yi duhu. Zakiyya ta kwaso zannuwan uwarta, ita da ƙawayenta sun rufe tagogi duka, sun toshe ƙasan ƙofa da tabarma. Ɗalibai tamanin da ƴan kai, har da wasu daga ajin kusa da suka laɓe a baya, ga surbeyan, mai kula da ladabin ɗalibai, shi ma ya zo ya tsaya a lungu. Ba mai motsi. Bai taɓa samun aji mai shiru haka ba.

Ya ajiye akwatin a kan tebur bai buɗe ba. Ya ce abin takaici, kayan sun lalace a hanya, wanda ya aiko su bai iya ɗauri ba, da ya duba sai ya tarar sun tsiyaye. Ya ce irin abin da ke faruwa ke nan in mutum ya daɗe a waje ya manta zafin ƙasarsu. Wasu suka yi tsaki, wasu suka yi dariya. Ya sa a yaye zannuwan, ya ɗauki alli ya zana musu ƙwayoyin a allo, ƙarama da babba, ya yi bayanin yadda matsi ke ɗaga ƙarfin haske. Bayanin ya yi kyau ƙwarai, har surbeyan ya gyaɗa kai. Sau biyu ya waiga benci na biyu ta hannun dama. Zakiyya na ninke zanen uwarta a kan cinya, ba ta ɗago ba.

Da ya dawo gida da azahar ta kawo masa ruwa a zaure, ta durƙusa kamar kullum. Ya karɓa, ya ce ta yi haƙuri, ya san ta sa rai.

"Baba, na gan su," in ji ta. "Ranar Talata da ka tafi masallaci na buɗe kabad na kunna tocilar. Duka shidan suna ci. Ban faɗa ba ne, ina so in ka nuna mana in yi kamar ban taɓa gani ba."

Ya riƙe kofin, bai sha ba, bai ajiye ba.

"Ɗazu Baba Ali ya aiko yana tambayar yadda aka yi da ɗalibai," ta ci gaba, idonta a ƙasa. "Na ce masa ni ce na yar da akwatin suka fashe. Na ba shi haƙuri. In ya kira ka, haka za ka ce."

Ta miƙe ta shige cikin gida. Ya ji Lubabatu na tambayarta ina sauran zane ɗaya, ta ce ta manto shi a makaranta, gobe za ta ɗauko.

Ali ya kira da yamma. Ya yi ta dariya, ya ce kada a yi wa yarinyar faɗa, shi ma a labo ya fasa abin da ya fi wannan. Ya ce yarinyar na da kai, kuma mai faɗin laifinta da bakinta irinta ake nema a aikinsu. Idirisu ya ce haka ne, yara sai haƙuri.

Zakiyya ta ci bak a bana da sakamako mai kyau. Tana gaishe da ubanta safe da yamma, tana wanke masa kaya, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. In wani abu ya shige mata duhu a littafi, ɗakinta take shiga da waya ta ja labule ta kira Ali. Idirisu kan zauna a tsakar gida yana jiyo muryarta ƙasa-ƙasa, sau da yawa ma ya san amsar tun ba ta gama tambayar ba.