Kifin Wilf a Kaskon Thelma

Kafin a buɗe shagon kifi na gangaren teku a nan Filey, garinmu a ƙasar Ingila, Thelma Cammish ta riga ta ci rabin aikinta. Za ta rataye rigar sanyinta a bayan ƙofa, ta buɗe akwatin kifin da aka kawo daga bakin ruwa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa tana laluben ƙaya. Sai ta kwaɓa kullun fulawa, ta kunna wuta a ƙarƙashin kitsen shanu, ta tsaya tana saurare. Wai idan kitse ya kai zafin da take so, kukansa yakan canza. Ni dai ban taɓa jin bambancin ba.

Tun 'yata Lorna tana rarrafe Thelma take gaban kaskon nan, yau Lorna ta fara furfura. Shagon ba nata ba ne, sunan wasu ne a jikin allo. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, wuyan hannunta ya ƙi. Ban yi nisa a karatu ba, amma na ce ba za ta tafi shiru ba, shi ya sa nake rubuta wannan.

Thelma ba ta jira a faɗa mata abin da ake so. Kaskonta yana kallon taga, tagar tana kallon gangare. Da ta hango ɗan gari yana saukowa, sai ta tsoma kifinsa a kullu ta sake shi cikin kitse. Kafin mutum ya samu kujera, faranti ya iso, da dankali da burodi da butar shayi. Matan masunta har yau suna ba da labarin ranar da wani kwale-kwale ya makara a teku, suna tsaye a bakin ruwa cikin iska, sai ga Thelma da dankali mai zafi naɗe a takarda. Ba don su ci ba, in ji ta, don hannuwansu su samu abin riƙewa.

Ni da mijina Wilf, Juma'a ce ranarmu. Nawa ƙarami ne, babu fata. Nasa babba da fatarsa, a bar shi a kitse sai ya kusa baƙi, a zuba masa ɓurɓushin kullu a kai.

"Ga mai cin gawayi nan ya iso," haka take tarbarsa.

"Ke dai soya, Thelma. Na jiya ɗanye ne, sai da ya motsa a cikina."

"Jiya ba ka zo ba, tsoho. Tambayi matarka inda ka je."

Wilf ya rasu da sanyin bara, Allah ya ji ƙansa. Bayan an watse daga jana'iza, abinci ya fita raina. Shayi nake sha da ɗan biskit. Idan fita ta kama ni, sai in zaga ta bayan layi don kada in bi ta gaban tagar, domin ban san yadda zan buɗe baki in ce a ba ni kifi guda ɗaya ba. Lorna ta zo daga birnin Leeds inda take zaune, ta ga siket yana zamewa daga ƙuguna, ta buɗe firij ta rufe.

"Mama, ba zan zuba ido ki bi Baba ba. Idan na dawo na same ki haka, za mu kulle gidan nan ki koma wajena."

Ba ta faɗa da mugunta ba, kuka take yi. Amma a gidan nan na haife ta, kuma daga ɗakin sama ina hango inda Wilf yake ajiye tarkunan ƙaguwarsa. Na yi mata alkawari zan ci. Na kasa.

Wata Juma'a na fito daga kantin magani, ruwa ya tsuge. Na sunkuyar da kai ina sauri, ƙafafuna suka ɗauke ni ta tsohuwar hanya ban sani ba. Sai na ji an kira sunana.

"Enid."

Thelma ce a bakin ƙofa, hannunta duk kullu. Ban taɓa ganin ta baro kasko wuta tana ci ba.

"Na yi ɓarna, 'yar uwa. Na hango hularki, hannuna ya riga kaina. Biyu na saka."

Na tsaya ruwa yana dukana.

"Nasa yana ciki," ta ce. "Da fatarsa. Sai da ya fara ja na tuna."

"Ki sayar wa wani."

"Wa zai saya? Duk garin nan mutum ɗaya ne yake cin wannan abin. Shigo ki taya ni, kada mai shagon ya ga na zubar da kifi."

Idanunta sun yi ja, ba kuma hayaƙi ba ne. Na shiga. Ta miƙa wa abokiyar aikinta matsami, ta ɗauko faranti biyu, ta zauna a kujerar Wilf ba ta nemi izini ba. Nawa ta ture gefe. Nasa ta raba biyu, ta yayyafa gishiri da ruwan tsami, ta turo mini rabi.

Duk zamana da mutumin nan ban taɓa ɗanɗana kifinsa ba. Na gutsura. Ɗaci, tauri, kamar na ciji tsohon takalmi.

"Thelma, wannan yake ci duk shekarun nan?"

"Yana lashe yatsu ma."

"Kuma kika bar shi?"

"Ni na aure shi?"

Dariya ta ƙwace mini, irin mai zuwa da hawaye da majina. Masu cin abinci a sauran teburan suka maida ido kan farantansu, kamar yadda 'yan garinmu suka iya. Muka cinye ƙonannen nan tas, muna zaginsa. Sai na ji yunwa ta taso mini, ta gaske, na jawo nawa na cinye shi da dankalin.

Da na miƙe ta ce, "Juma'a mai zuwa ɗaya zan saka. Ba sai kin ce komai ba, zama kawai za ki yi."

Haka aka yi. Da Lorna ta dawo, can na kai ta. Ta zauna tana kallona ina dangwalar burodi a kitse, ba ta sake tada zancen kulle gida ba.

Thelma, uwar kasko, ke ce kika yi kuskure kika fito cikin ruwa kika faɗa, alhali da kin jefa kifin a shara babu wanda zai sani. Ke ce kika ambaci mijina a lokacin da kowa yake kaucewa sunansa don kada in yi kuka. Mutane da yawa sun kawo mini furanni, na kuma gode musu. Ke kika sa na haɗiyi abinci. Na gode, Allah ya huta gajiyar hannun nan.

Ku kuma da kuke tsaye a bayan kanta, ko a motar haya, ko a gidan waya, ku riƙa lura da wanda ya daina zuwa. Idan kun gan shi, ku kira sunansa, ko da ba ku san abin da za ku ce bayan nan ba.

Thelma ita kaɗai take zaune, kuma na san yadda Juma'a take yi wa wanda ba shi da wurin zuwa. Na faɗa mata Juma'ar farko bayan ta ajiye aiki, a gidana za ta ci abinci, tunda ita ta sa har yau ina da gidan. Ta ce ita ba ta cin kifin da wani ya soya, balle nawa.

Na ce ƙwai zan dafa. Ta ce za ta zo.