Goge Ɗaya, Hannun Mutum Biyu

Ko da zan manta komai na sana'ar kiɗa, ban da ranar da ni da ubangidana muka kaɗa goge ɗaya tare a gaban jama'a a Tarauni. Wannan tana nan daram a raina.

A lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a Gyaɗi-Gyaɗi, da la'asar kuma in rufe in tafi wurin Baba koyon goge. Tsoho ne da ya yi tashe a zamaninsa, ya kaɗa a gidan rediyo, ya kaɗa a manyan bukukuwa, amma wajen koyarwa sai a hankali. Ba ya bayani da baki. Ka zauna ka zuba wa yatsunsa na hagu ido, in ka ɗauka ka ɗauka. Dokokinsa biyu ne: yaro ba ya taɓa gogen ubangidansa, kuma ba ya kaɗa taken gidan, wato kiɗan da Baba ya gada daga mahaifinsa, sai ran da aka miƙa masa. Shekaru ina binsa, duk ran da na roƙa sai ya ce, "Kai tela, ka cika gaggawa. Da saura."

Ana cikin "da saura" ɗin nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun hagu ya mutu murus, baki ya karkace. Taken kuwa babu wanda ya iya shi a duniya sai shi kaɗai.

Bayan an sallamo shi daga asibiti na je gaida shi, sai na tarar da Inna, matarsa, riƙe da gogen da almakashi, tana hawaye. Wai ya ce ta yanke tsirkiyar, ba ya son ya ƙara ganinta. Wallahi ban san lokacin da na fizge gogen daga hannunta ba. Sai da na ji shi a ƙirjina na tuna doka.

"Ajiye!" Baba ya ce, da ƙyar maganar ke fita.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan ajiye ba. Hannunka na dama lafiyarsa ƙalau. Ni kuma ga na hagu, ba abin da yake yi sai riƙe yadi."

Ya zage ni tas, har da cewa taurin kaina ya fi na jaki. Ni dai na zauna ta gefensa na hagu, na manna kafaɗata da tasa, na ɗora gogen a cinyarsa, na sa masa izgar da ake goga tsirkiya da ita a hannun dama. Na kama wuyan gogen da hannuna na hagu, na ce ya ja. Ya daɗe yana hararata, sannan ya ja.

Kai, abin da ya fito ranar ko akuya ba za ta yarda kukanta ba ne! Amma daga nan muka fara. Yatsun da zan kalla babu, saboda haka sai lalube: in na taɓa daidai izga ta ci gaba, in na kuskure ta tsaya cak, ya taka min ƙafa. Ƙafata ta dama ta sha taku a wannan shekarar. Damina ta shigo, fatar gogen ta riƙa saki saboda laima, Inna ta riƙa kawo mana kaskon garwashi muna gasa ta kafin mu fara. Akwai ranakun da na fita ina rantsuwa ba zan koma ba, washegari la'asar na yi ka gan ni a zaure ina goga wa izga ƙaro. Tsoro nake ji, gaskiya. Kullum in na ga ya ƙara ramewa sai gabana ya faɗi, kada ya tafi da ragowar taken.

Maƙwabciyarsu wata Bayarabiya ce Kirista, mai koyar da piyano a wata makaranta a Tarauni. Ta katanga take jin mu. Rannan ta shigo ta ce, "Baba, ɗalibaina ba su taɓa ganin goge ido da ido ba. Ranar hutu ku zo ku kaɗa musu, ku biyun, yadda kuke yi ɗin nan." Baba ya ce shi ba zai je a yi masa kallon tausayi ba. Na ce, "To shi ke nan, ni sai in je in ce musu ubangidana tsoro ya ji." Ranar tun hantsi ya sa babbar riga yana jiran keken a daidaita sahu.

Da aka gan mu manne da juna a kan tabarma, ɗalibai suka fara dariya. Izga na sauka zauren makarantar ya yi tsit. Mun yi nisa, mun kai wurin da taken ke hawa sama, sai na ji kafaɗarsa tana rawa. Hannun ya gaji, izgar tana neman suɓucewa. Na ce a raina shi ke nan, mun ji kunya. Sai kawai ya kamo hannuna na dama, ya danƙa min ita, ya ture gogen zuwa cinyata. A gaban kowa. Na ƙarasa taken ni kaɗai, hawaye na zuba, ban ma ga masu tafin ba.

Da muka fito na ce, "Baba, yaya ka ji?"

"Ka yi sauri a tsakiya," ya ce. "Ɗauko gogenka mu tafi gida." Gogen nasa yake nufi.

Bai kai wata daminar ba, Allah Ya ji ƙansa. Yau ni ke koyarwa, a zaurena da kuma waccan makarantar. Abin da na koya shi ne kada mutum ya riƙe abin da ya iya yana jiran ranar da ta dace, don ba shi ke da ranar ba. Dokar Baba ta farko na riƙe ta, ba mai taɓa min goge. Amma taken gida, duk ɗalibin da ya nuna da gaske yake, ina koya masa tun hannuwana biyu suna aiki, kuma ban taɓa ce wa kowa "da saura" ba.