Oga Marcel, Tsohon Ya Kawo Amsa

Da safiyar Laraba, sha biyar ga watan Satumba na 1993, na biyo layin da ke bayan tashar jirgi ta Kafanchan, sai na hango wani tsoho tsaye a ƙofar shagonka. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, takalminsa duk taɓo, ya rungume wani faffaɗan kwali da aka naɗe a leda saboda ruwa. Yana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, ya dakata, ya sake ƙwanƙwasawa. Baba Francis ne na Madakiya. Ya kawo maka amsar da ka daɗe kana jira. Ni kuwa gidanku na nufa, don jiya Talata da yamma Ubangiji ya kira ka, Oga Marcel, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da kai a asibiti. Tsohon bai sani ba. Ni na gaya masa.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san hannunka ko da bai san fuskarka ba. Kai ne mai zane. Allunan shaguna, rubutun bayan motoci, tutar zumuntar mata, sunan da ake rubutawa a jikin gicciyen kabari, yawancinsu daga wannan ƙaramin shago suka fito, mai warin fenti da kananzir. A kwatas ɗin reluwe aka haife ka, mahaifinka ya zo daga gabas yana gyaran kan jirgi, kuma Hausarka ta fi tawa daɗi, ni da aka haifa a Fadan Kaje. Bayan rikicin tamanin da bakwai, lokacin da kowa ke kallon maƙwabcinsa da gefen ido, kai ka ɗauki tsani da gwangwanayen fenti kana bin shagunan da suka ƙone kana mayar musu da sunayensu. Hajiya Kubra mai abinci har yau tana faɗa cewa ka zana mata kaza a allonta, ta ce ta yi rama da yawa, ka hau ka ƙara mata ƙiba, ta ce yanzu kuma masu ci za su ce ta yaudare su.

Ni facin taya nake yi, da yamma kuma in buga ganga a ƙungiyarmu ta kiɗa, Matasan Layin Dogo. Mu biyar ne. Ba mu da mai ɗaukar nauyinmu, ba mu da kamfani, sai jita biyu, ganga, kibod ɗin aro, da muryar Angelina, 'yar Baba Francis. Kowa ya san ita ce ƙungiyar. In ta ɗaga murya, masu sayar da lemo ma sukan bar faranti su matso. Da muka je Jos muka ɗauki waƙoƙinmu a situdiyo, saura kwalin kaset da fostar wasan da za mu ƙaddamar da shi, ba mu yi shawarar kowa ba sai kai.

Na zauna a shagonka na ga yadda ka yi aikin. Ba ka gaggawa. Ka baza hotunanmu a kan tebur, ka daɗe kana kallo, kana shan shayi da ya riga ya huce. Sannan ka ɗauki reza ka yanko kan Angelina da kafaɗunta, ka manna a tsakiyar farar takarda. In na matso kusa sai ka ce, “Alex, ja baya mana. Numfashinka ma kiɗa yake yi, zai kaɗa mini hannu.” Ka zagaye fuskarta da da'ira mai kamar ƙwai, ka sa gajimare a ƙasa, ka sa kurciya biyu a sama. Mu huɗu ka jera mu ƙanana a gindi. Da ka ɗaga mana, duka muka yi tafi. Angelina ta ce ba ta taɓa yin kyau haka ba.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne shekarar da ta gabata. Tun daga rikicin Zangon Kataf, aikin da ya fi zuwa shagonka shi ne takardar sanarwar rasuwa. Iyaye mata su zo da ɗan hoto a ƙulle a bakin zani, ka yanko kai da kafaɗa, ka sa a da'ira, gajimare a ƙasa, kurciya a sama. Ka yi ta yi har hannunka ya saba, ya zama in ka so ka girmama fuska, haka kawai hannun yake tafiya. Mu 'yan gari muna karanta rubutun da ke ƙasa, mun ga ranar wasa da sunan otal. A ƙauye kuwa, inda aka manna irin wannan takarda a kowane bango, ba wanda yake tsayawa karatu. Daga nesa ake gane ta.

Ranar kasuwa aka manna fostar a Madakiya. Mama Serah, mahaifiyar Angelina, ta taho da kwandon citta a ka, ta ɗaga ido ta ga 'yarta a cikin gajimare. Nan ta zube. Kafin malamin makaranta ya iso ya karanta musu, labari ya riga ya tsallake rafi. Mata sun fara shigowa gidan da itace da hatsi kamar yadda ake yi wa gidan makoki, dangi sun taso daga Fadan Kaje da ƙafa, samari suna tambayar dattawa inda za a haƙa kabari. Angelina tana Kafanchan a kan keken ɗinkinta, ba ta san komai ba. Da aka aiko aka ɗauke ta, ta sauka daga mota, yara suka watse da gudu, wata gwaggonta ta riƙa taɓa mata kunne tana cewa, “Ke ce? Yi magana in ji.”

A gari an mai da abin na dariya. A gidan Baba Francis ba a yi dariya ba. Mama Serah ta kwanta jinya, bakinta ya ɗan karkace, sai a hankali ya dawo. Tsohon, wanda ya yi shekaru yana katikis, mai koyar da addini a coci, ya tara mu ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce yarinyar da aka yi wa kukan mutuwa da ranta ba za ta sake hawa dandali ba, fuskarta kuma ba za ta sake hawa bango ba. Waƙa sai a coci. Angelina ba mai tsallake maganar uba ba ce. Aka soke wasa. Kaset ɗin da muka ɗauka ya zauna a akwatina a ƙarƙashin gado, ba kwali, ba ranar fitowa. In tsohon bai janye ba, ƙungiya ta mutu ke nan, mu duka mun san haka, kai ma ka sani.

Wani mai zanen zai ce ai an nuna musu tana da rai sun yarda, ya koma kan aikinsa. Kai rufe shago ka yi. Ka hau babur da bokiti da tsumma da wuƙar kankare fenti, a tsakiyar damina, kana bin bango bango, Madakiya, Fadan Kaje, har Godogodo, kana jiƙa takardun kana kankarewa. Kullun rogon da muka manna su da shi ya kama sosai, ni na dama shi, na san yadda ya yi kauri. Na bi ka sau ɗaya. Ruwa ya dake mu tun daga hanya, kana tari, na ce mu fake, ka ce, “Kowace ɗaya da ta kwana a bango, wata uwa za ta gani gobe.”

Zuwanka na farko gidan Baba Francis, ka tafi yadda ake yi a wajenku, da goro da jarkar bammi. Ka manta tsohon ko ƙanshin giya ba ya so. Ya dubi jarkar, ya dube ka, ya ce, “Ɗana, ka kashe mini 'ya a takarda, yanzu kuma ka kawo giyar makoki?” Ka durƙusa a taɓo ka ce, “Baba, yau ma na sake yin kuskure. Zan dawo.” Ka dawo da sabulu da gishiri don Mama. Ka sake dawowa hannu wofi, ka zauna a gindin mangwaro kana taya ta ɓare gyaɗa. Tsohon yana amsa gaisuwarka, amma maganar waƙa ko kusa.

Sai wata rana ka kira ni shago. Ka ce ka gane inda abin ya lalace. Ka ce, “Alex, duba duk takardun rasuwar da na yi. Akwai mai ƙafa a ciki? Matacce ake yanke wa ƙafa a hoto. Ni na yanke wa yarinyar nan ƙafafu.” Ka ajiye reza, ka ce wannan karon ba hoto, da hannu za ka zana.

Na ga zanen yana girma a kan kwali. Angelina ce tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa, tana rawa a kan jar ƙasar bakin layin dogo, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya ta danna ƙasa har taɓo ya fito tsakanin yatsu. Bakinta a buɗe, jijiyar wuyanta ta tashi kamar yadda takan tashi in ta kai ƙarshen baiti. Zanin da ka ɗaura mata na Mama Serah ne, mai ganyen kore, wanda ka gani a kan igiyar shanya. Ba gajimare ko ɗaya, rana ce tsaka. Mu muna bayanta da kayan kiɗa, ni ka ba ni kunnuwa kamar faranti, da na yi ƙorafi ka ce Allah ne ya fara, kai kwafa ka yi. Ka yi ƙaramin irinsa daidai kwalin kaset, ka auna da tsohon kwali ka lanƙwasa, ka rubuta sunayen waƙoƙi da siririn buroshi. Sunanka ba ka sa ko'ina ba. Na tambaye ka, ka ce sai tsohon ya yarda tukuna.

Kai da kanka ka kai babban Madakiya, tarin ya riga ya kama ka sosai. Ka ce masa, “Baba, ka ajiye. In bai yi maka ba, ka sa a murhu, ba zan ce komai ba.” Ya karɓa ya shiga da shi ɗaki. Makonni suka wuce shiru.

Wannan shirun ne yake ci mini rai. Duk ranar da na zo asibiti, kafin ka amsa gaisuwata sai ka ce, “Tsohon ya yi magana?” In ce tukuna. Ka juya fuska bango. Ranar Litinin ka kama hannuna ka ce, “Na fasa muku ƙungiya, ko?” Na ce a'a, amma ba ni da abin da zan nuna maka. Ashe a lokacin, kamar yadda Angelina ta gaya mana daga baya, Mama Serah ta jingina zanen a jikin buhun masara a ɗakinta, kullum da safe sai ta gaishe shi tana dariya, tana cewa yarinyar nan ta sace mata zani. Tsohon yana gani. Ya riga ya sauko, yana jiran ruwa ya ɗauke ne ya zo ya gaya maka da bakinsa, don a ganinsa magana irin wannan ba a aika yaro da ita. Da ya aiko yaron, da ka ji.

Oga Marcel, ka tafi da nauyin da an riga an sauke maka. Ubangiji Allah wanda ya san zuciya ya karɓe ka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa a wurin da ba kuka, ba sanarwar rasuwa. Yesu Almasihu ya haskaka maka. Uwargida, Madam Immaculata, Allah ya ba ki haƙuri, ya riƙe ki, ya zama miji a gidan. Chiemeka da Ifechi, Allah ya raya ku, ya sa wa hannuwanku albarkar hannun babanku. Ina miƙa ta'aziyya ga dangi na nan da na gabas, da mutanen kwatas ɗin reluwe, da duk mai allo a ƙofar shagonsa a garin nan.

Saura abu ɗaya, kuma saboda yaran nan biyu nake rubuta shi, don na ji ana faɗa a tasha cewa babansu ne ya kashe Matasan Layin Dogo. Da na gaya wa Baba Francis rasuwar, ya cire hularsa, ya zauna a dakalin shagon. Sannan ya kwance ledar, ya buɗe zanen a kan gwiwarsa, ya ce, “Ku buga. Wannan tana da rai. Ta yi waƙarta, kuma ta fara da ranar da za a binne shi.” Ya sa yatsa a kusurwar ƙasa inda ba rubutu, ya ce, “Nan kuma a sa sunansa.”

Ba ni kaɗai na ji ba. Hajiya Kubra tana wurin, ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta tsaya da roba a hannu. Regina mai sayar da burodi tana wurin. Edna, ƙanwar Madam Immaculata, wadda ta zo shago ɗaukar farar rigar da za a binne ka da ita, ita ta riƙe wa tsohon hularsa. Duk mai shakka ya je ya tambaye su.